Ƙanzon Kowa

Dusar ƙanƙara ta rufe Duluth tun asuba.
Marlys ta yayyanka burodin shekaranjiya,
wanda ya bushe har wuƙa na kuka,
ta soya albasa a man shanu,
ta zuba romon talotalo, ta fasa ƙwai biyu.

Shekara talatin 'ya'yanta na faɗa kan gefen tire,
inda wuta ke barin ƙanzo.
Bana ta huta da rabon faɗa:
faranti mai gurbi goma sha biyu,
kowa da nasa,
ciki laushi, sama garas-garas.

Su goma sha ɗaya ne a tebur.
Na ƙarshen, wanda wuta ta fi lasa,
ta ajiye gaban kujerar Wendell.
Ba wanda ya miƙa hannu.
Jikanta Arlo kaɗai ke satar kallonsa,
yana haɗiyar yawu.