Wadda Ke Sallama

Kwamfutar ƙungiyarmu tana ɗakin ajiya a Auyo,
tsakanin buhunan shinkafa da sikelin da ya ci tsatsa.
Sunan kowace mace yana cikinta,
da kwanon da ta turara, da bashin da ta ci,
har da kuɗin Gambo da ta rasu ba ta karɓa ba.

Ran Laraba lissafi ya cije.
Na tara, na sake tarawa, dubu tara sun yi ɓatan dabo.
Zulai kuwa tana Wudil, jarrabawa ta riƙe mata ƙafa,
kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai kwano shida.

Ta ce, "Inna, ba sai na zo ba.
Akwai manhajar da za ta miƙo hannuna ta intanet
in taɓa allonki kamar muna tabarma ɗaya.
Uku na samo. Ke za ki zaɓa."

Ni? Ni da sai da tabarau nake gane sifili?

Ta fari, in ji ta, ba ko sisi,
kuma da an girka ta ƙofa a buɗe take dare da rana.
Na ce banza ba ta kai zomo kasuwa.
Na tuna Ɗanliti mai shagon caji a Gujungu.
Wani mai zaƙin murya ya kira shi, wai daga banki,
ya ce sauke kaza, karanto mini lambar da ta fito.
Yana zaune yana kallo
kibiya tana kiwo a allonsa
kamar kaza a shanyar da ba mai tsaro.
Kafin la'asar asusu ya zama wankakken akushi.

Ta biyu 'yar kwalisa ce, hoto tangaran,
sai dai cin data kamar gara, ga kuɗin wata.
Sabis ɗinmu kuwa baƙo ne mai kunya,
ya leƙo da hantsi, hadari na haɗowa ya tsere.

Ta ukun ba ta da kyan gani.
Hotonta dishi-dishi, tafiyarta ta jaki mai kaya.
Amma ba ta shiga sai ta yi sallama.
Kowane zuwa da sabuwar lamba,
in karanta wa Zulai da bakina,
in danna na yarda da yatsana.
In na ga abin da bai yi mini ba
in taɓa jan nan, hannu ya koma inda ya fito.
Ta kan rubuta ma wa ya shigo, ƙarfe nawa ya fita.

Na ce wannan an yi mata tarbiyya. Ita nake so.

Bayan azahar mata suka cika ɗakin.
Kibiya ta motsa, ba wanda ya taɓa komai.
Tabawa ta ja da baya tana a'uziyya,
ɗanta a goye ya hau dariya.

Ni kuwa na gane tafiyar.
Ta zagaya sau biyu kafin ta tsaya,
ta ɗan koma, ta dawo,
yadda yatsan Zulai ke yi a faifai
tun tana shekara bakwai tana tsintar tsakuwa.
Layi na arba'in da ɗaya ta tsinto ta:
an rubuta wa Asabe dubu ɗaya
a inda ta biya dubu goma.
Asabe ba ta ce komai ba, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Inna, na gama. Rufe."

Na taɓa jan.
Kibiya ta tsaya cak a gefen allo.
Ɗakin ya yi irin shirun da gida kan yi
bayan an raka baƙo bakin zaure.

Na so in ce ta ɗan ƙara zama,
in tambaye ta ko ta ci abinci.
Data saura kaɗan, batirin sola ya fara kuka,
ga shinkafar Tabawa tana jiran sikeli.