Ƙofa Ɗaya

Kawu Sallau kan riga ladan tashi,
makullin ƙarfe a kafaɗa, tocila a goshi,
ya bi gefen kwalbati har ƙofar ruwa.
Abin da ya taso daga Tiga ya ratso Kadawa
ba ya tsayawa gardama da kowa,
ba a kuma taɓa ganin ya waiwayi baya.

Ni ina zaure, kwamfuta a cinya,
batirin sola na kukan yunwa.
Na gina wa 'yan tumatir manhajar ƙungiya,
gidan da kowane shafi ke tsoma hannu a tukunya,
wannan ya ɗiba, wancan ya ƙara,
ba mai faɗa wa ɗaya.

Ran rabon taki asirina ya tonu.
Wayar Tabawa ma'aji ta ce buhu arba'in,
ta Ilu ta ce talatin da bakwai.
Aka shiga kallon juna da wutsiyar ido,
alhali ba wanda ya yi ƙarya.

Na kwana uku ina tonon laifi.
Can na tarar da laburaren wasu mutane
da ban san fuskarsu ba,
sun ajiye shi kyauta, kamar randa a bakin hanya.

Dokarsu gajera ce.
Duk canji saƙo ne, da sunansa.
Saƙo ya bi ta ƙofa guda,
ya isa rumbu, rumbu ya sake lissafi,
fuskar waya ta leƙa ta faɗi abin da ta gani.
Ba ta da hannu a ciki, ido kawai.
In tana da magana,
ta zagaya ta bi layi, ta sake shigowa ta ƙofa ɗaya.

Na karanta wa Kawu, ya tofar da goro:
"Wannan ai aikina ne suka rubuta.
Mai fasa kunya da dare don gonarsa ta sha
shi ke kwana da kunya in gari ya waye.
Yanzu kuka san haka, 'yan boko?"
Ya yi gaba yana dariya.

Sai dai masu laburaren nan
ba su taɓa hawa tudun tururuwa neman sabis ba.
A nan saƙo kan fito ya iske hanya a toshe,
ya mutu a tsaye kamar dashen da ruwa ya tsallake.
Ban taɓa musu rumbu ba, ban rushe ƙofa ba,
na dai haƙa ɗan wuri a tsakiya.

Na sa masa suna kududdufi.
Saƙo ya taru a ciki, na fari a gaba,
sabis na dawowa su gangara bi da bi.
Daren farko ya ci amanata:
Ilu ya biya kuɗin feshi sau ɗaya,
rumbu ya rubuta biyu.
Sai na tuna yadda ake shafa wa kwando fenti
kafin a loda shi a mota zuwa Ikko.
Na yi wa kowane saƙo tasa shaida,
wanda ya taɓa wucewa ba ya sake samun hanya.

Na tura musu abin da na ƙara.
Bayan mako wani ya amso daga ƙasar da ban iya faɗin sunanta,
ya ce aikin ya yi,
amma mene ne kududdufi?
Na rubuta, na goge, na sake rubutawa.
Na fita na ɗauko masa hoton na bayan gidanmu,
har da agwagin Tabawa,
da wata tsohuwar taya.

Jiya an raba iri.
Waya bakwai, lissafi bai bambanta ba.
Ba wanda ya ce mini sannu,
sun tafi ban ruwa.
Kawu ne kawai ya leƙo, ƙafa duk laka,
ya ce in ina da sauran wuta in sa masa cajin waya.