Kunnen Baba

Asabar ce. Ruwan dare ya ɗauke,
kwatar Aboabo tana ta gudu da ledoji.
Na yaye tamfol daga kanta.
Ja ce, ko in ce ja ce a da,
ƙofa biyu, ta yi ƙasa kamar kyanwa mai fakon ɓera.
Ta girme ni da shekara huɗu.

Baba na kan benci, bayansa a bango.
Tun da yana ta rufe masa ido
bai sake riƙe sitiyari ba,
amma kunnen nan bai tsufa ba.
"Tashe ta, Rahinatu."
Na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi kaki, ta kama.
Ya karkata kai kamar mai jiyo kiran salla daga wata unguwa.
"Filogi na uku ba ya ci.
Famfon ruwa kuma yana kukan ɗan tsako. Ba ki ji ba?"

Ni hayaniya kawai na ji.
Na zare filogin: baƙi ƙirin, jiƙe da mai.

Adiza mai shinkafa da wake ta leƙo ta kan katanga:
"Motar da ko buhun gawayi ba ta ɗauka!
Sayar, ki sayi mai ƙofa huɗu ki sa haya."
Na ce to. Kullum to nake cewa.

Na shiga trotro zuwa Suame
da famfon naɗe a tsohon zane.
Can ƙasa ma ta sha baƙin mai ta ƙoshi,
guduma tana amsa wa guduma.
Masta Boakye ya juya shi a tafi, ya juya,
ya yi dariya, ya ce da Tonanci:
wanda ya ƙera wannan ya daɗe a ƙasa.
Duk da haka ya tura yaronsa lungu bayan lungu,
sai la'asar ya dawo da ɗan'uwansa
daga cikin wata gawar mota da kaji ke ƙwai a ciki.
Sidi ɗari uku, bayan na yi kamar zan tafi sau biyu.

Lahadi na kwanta a kwali ƙarƙashinta.
Sifana mai lamba goma ta sake ɓata.
Noti ɗaya ya ƙi, tsatsa ta aure shi,
na ja har fatar yatsana ta saɓule.
"Kada ki yi masa dole," in ji Baba.
"Ɗiga masa mai, ki je ki sha koko.
Ƙarfe ma yana so a ba shi haƙuri."
Na dawo, na taɓa, ya juya
kamar ba shi ba.

Da yamma na kamo hannunsa,
na dafe masa kai kada rufi ya buge shi.
Kujerar gefe tana nan inda Umma ta bar ta,
an matso da ita gaba, daidai gajerun ƙafafunta.
Gwiwoyinsa sun tokare.
Na kai hannu zan ja ta baya, ya riƙe ni.
"Bar ta. Haka ma ya yi."

Muka ɗauki hanyar tafki.
Bayan Atonsu motoci suka yi sauƙi,
ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ya shigo ta taga.
Leɓensa yana ƙirga giya tare da ni.
"Uku. Jira tukuna, bar ta ta cika ƙirji.
Yanzu."
Na sa ta huɗu, na taka,
tsohuwa ta miƙe, ta manta shekarunta,
shi ma na ga haƙoransa.

Can wajen gangara ya ɗaga yatsa.
Kafin ya buɗe baki na ce,
"Baya, ta hagu. Wani abu yana ƙwanƙwasa."

Ya yi shiru har muka wuce gada.
Sannan ya ce, "Asabar mai zuwa ke nan."