Amsar Barmo a Atbara

Na ce, Baba Barmo, me ya kori Bature?
Ya dire kofin shayi kan tsohon dogo.

Ya ce, a dutsen Keren na saɓo shi a kafaɗa,
jininsa ja, yana kiran uwarsa.
Tun ranar kwarjininsa ya zube.

Muka dawo, albashi bai isa dawa ba,
sai muka ajiye guduma.
Jirage suka gurfana kamar raƙuma,
audugar Jazira ta kwana a buhu,
can gida bashin yaƙi ya yi masa katutu.

Ranar da aka sauke tutoci biyu
ina ƙarƙashin tarago.
Kakarka ce ta rangaɗa guɗa.
Ni hannu na wanke,
baƙin man bai fita ba.