Fitilun da Urho Ya Sani Daga Ruwa

Shekara talatin da ɗaya kakana Urho
yana dakon tama a jirgin ruwa.
Hasumiyoyin fitilar gaɓar nan
ya haddace su kaf, amma daga nesa:
wannan ƙiftawa biyu sai duhu,
waccan ja ce, tana jan numfashi.
Bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya ba.

Cikin watan Yuli ya ce in tayar da mota.
"Senja, kafin yanar nan ta rufe mini ido,
ki kai ni in gaishe su da rana tsaka."

Muka bi gefen Tafkin Sufiriya,
ruwan da ba gishiri ko ƙwaya
amma ya ɗauki girman kan teku.
Titi na shiga daji, yana fita,
ruwa na leƙo mu ta tsakanin itatuwa,
shuɗi da safe, toka-toka in gajimare ya gifta.

Ta farko fara ce sol, ta sha fenti,
an mai da ita gidan kallo.
Wata dattijuwa, Marlys, na yankar tikiti,
ta ce matakala saba'in da huɗu ce.
Ya ƙirga da gwiwarsa, ya samu saba'in da shida.
Can sama ya shafa gilashin da tafin hannu
kamar mai duba goshin yaro da zazzaɓi,
ya ce, "Ashe 'yar mitsitsiya ce.
Ni da na ɗauka ta kai ɗaki."

A kan rairayi muka kwance takalma.
Rana na dukan ƙeya,
ruwa kuwa ya ciji ƙafa har ƙashi.
Yara na ruga ciki da ihu,
su fito da leɓe shuɗi, haƙora na kaɗawa,
su sake komawa.
Kaka ya durƙusa yana tsintar tsakuwa,
sai ya lasa ɗaya kafin ya ga launinta.
Tara ya jefar, ya ajiye mai jan zane.

Mun ci kifi mai hayaƙi a cikin jarida,
maiƙo har gwiwar hannu,
fararen tsuntsaye na yi mana tsaye
kamar masu bin bashi,
ƙudan gaɓa na cin idon sawu.

Ta biyu jan bulo ce, da kwaɗo a ƙofa,
ciyawa ta haye dakalinta.
Nan ya cire hula.
"Daidai wannan, wata Nuwamba,
igiya ta wanke Vilho daga kan jirgi.
Fitila na kallo, mu ma muna kallo."
Bai ƙara ba. Ban tambaya ba.
Wani yaro ya wuce da ƙanƙarar tsotsa
tana ɗiga masa a riga.

Ta uku tana can ƙarshen gadar duwatsu,
ƙafarsa ta ce ita kam ta gama.
Muka zauna bisa hancin mota
da bargo ɗaya da shayi a gora.
Ranar arewa ba ta san sallama ba,
tara ta yi, tana nan tana jan ƙafa,
sai wajen goma ta nutse.

Fitila ta kunna kanta.
Ba mai gadi, ba mai zuba mai,
ba inuwar mutum a taga.
Kaka na ƙirge a ƙasan maƙoshi:
ɗaya, biyu, duhu, duhu, duhu.
"Ita ce. Ba ta sake lafazi ba."

Can ya yi dariya har da tari.
"Kin lura? Ƙeya ta ba mu.
Ba don na tudu aka gina ta ba."

Wani dogon jirgi na ratsa duhun
da 'yan fitilunsa jere kamar ƙauye mai tafiya.
Ni ce na gan shi. Shi ƙugin ya ji,
ya ɗaga hannu, ya daɗe bai sauke ba.

Tsakuwar tana kan tagar kicin ɗina.
Ta bushe, ta koma toka.
Wani sa'in, in ba kowa, nakan lasa.