Kwatance

Saude, hotonki ya iso jiya da la'asar.
Wani ƙauyen Turawa, kika ce, bai kai gida arba'in ba:
gadar dutse, tafki da agwagi,
majami'a mai agogon da ya girmi kakan kakanki.
Kika ce komai na nan inda aka bar shi,
har itacen bakin hanya an kafa masa allo da shekarunsa.
Na daɗe ina kallo
har wayar ta yi duhu a hannuna.

Sai kuma kika nemi kwatancen gida,
wai shekara sha tara, hanya ta shige miki.
To, kasa kunne.

In kin sauka Hotoro, ki ce wa mai adaidaita
ya kai ki Durumi.
Kada ki nemi durumin.
An sare shi shekarar da aka ja mana wuta,
amma har gobe nan ake sauka,
direbobi na taka birki a inuwar da babu ita.

Daga nan ki miƙe sai Rijiyar Tasalla.
An toshe bakinta da siminti, an ɗora benci,
wani yaro na sayar da ruwan leda a kai,
bai san a kan me yake zaune ba.
Ni na sani.
Gugana uku na can ƙasa,
da zoben uwarki, wanda ya suɓuce mata
ana saura kwana biyu sunanki.
Ta yi kuka, muka yi ta yi mata dariya.

Ki karya hagu ta kududdufin da yayyenki suka koyi iyo.
An cike shi da shara, an yanka fuloti shida.
Da damina ruwan kan dawo neman gidansa,
ya kwana a falon Alhaji Barau,
ya tafi da safe ba sallama.

Gonar gero ta zama makarantar kuɗi.
Burtalin shanu an shafa masa kwalta,
yanzu babura ke bi, su ma a garke.

Injin niƙan Ɗan'azumi ne kaɗai ya rage.
Ɗansa ke tayar da shi,
shi ma ya fara furfura, ko gari ne, ban tantance ba.
Ƙarar dai ba ta sake ba.
In kin ji ta, kin kusa.

Birni bai ci mu da yaƙi ba, Saude.
Zuwa ya yi kamar baƙo, muka shimfiɗa masa tabarma,
ya sha fura, ya miƙe ƙafa.
Da gari ya waye
sai muka ji ana kiran mu unguwa.

In kin ɓata, kada ki tambayi yara,
lambar layi za su ba ki.
Nemi wani mai sanda a gindin masallaci,
ki ce gidan Inuwa mai guga.
Ƙofar kwano ce, shuɗiya, tana ciza,
sai kin sa kafaɗa.

Can inda kike, dutse ke riƙe musu tarihi.
Mu nan, durumi da rijiya da kududdufi
duk a bakina suke zaune yanzu,
ga shi haƙorana sun fara zuba.

Ki yanki tikitin da wuri.