Yatsa na Shida

Cindo ake ce masa, don yatsu shida gare shi a hannun dama.
Ya iso Jos a bayan motar gawayi,
da bargo ɗaya, da sikelin aro, da tari.
Gangare a lokacin ramuka ce da rumfuna,
kowa baƙo, kowa da gwangwanin awonsa.

Shekara tara yana tsugune bakin Dilimi,
yana sayen kuza hannun mata masu wanki
waɗanda sanyin ruwa ya tsattsaga wa dugadugai.
Suka ce sikelinsa ba ya ƙarya.
Shi kuwa ya ce mini, yana dariya:
"Ba ya ƙarya, amma yakan yi gyangyaɗi."

Da kasuwar kuza ta faɗi, sai ya sa kaki.
Bariki ta aske masa kai,
yaƙi ya kai shi inda Hausa ba ta sayen ruwa.
Ya dawo da tauraro uku a kafaɗa
da wani suna da yakan kira cikin barci.
Kaka ta hana mu tambaya.

Daga baya aka ba shi kantoma,
ofis mai fanka biyu a garin da ake kwana da rigar sanyi.
Shi ya ja famfo har Unguwar Rogo,
tsofaffi na sa masa albarka har gobe.
Shi kuma ya sa hannu a takardar
da ta mai da filin ƙwallon yara gidan mai na abokinsa.
Duk biyun alƙalami ɗaya ne,
yana nan cikin akwati, ya bushe.

Da ya tsufa, ni ke yanke masa farce
ran Juma'a, a rana, bayan ya sha kunun acca.
Yakan miƙo su ɗaya bayan ɗaya:
"Wannan ya danna sikeli.
Wannan ya ja kunamar bindiga.
Waɗannan suka tallafi alƙalami.
Ran da baki zai rufe, gaɓoɓi su yi magana,
kowannensu da doguwar hira."

Sai ƙaramin, mai laushi, da ke rataye a gefe,
bai taɓa ɗaukar ko allura ba.
"Shi fa, Kaka?"
Ya daɗe yana kallon tsaunin Naraguta.
"Shi ne abin tsoro, Lantana.
Bai yi komai ba,
amma yana wurin."